Azurfa, Gilashi ko Sassaƙaƙƙen Ƙarfe: Wane Tsohon Maɗaurin Takalmin Turai Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya fara sha'awar tsofaffin maɗauran takalman Turawa, ƙyalli ne ke fara kama shi. Zai ga hoto a shafin wani gidan gwanjo na Landan ko Faris, duwatsu a jere suna walƙiya, sai ya ji ba abin da yake so sai wannan. Ni dai shawarata ita ce a dakata, a nemi hoton bayan abin, sannan mutum ya tambayi kansa: idan wannan ya lalace a hannuna, zai gyaru? Amsar wannan tambaya ce ta bambanta iri uku da suka fi yawa a kasuwa, wato na azurfa zalla, da na gilashin da aka yanka kamar daimon, da na sassaƙaƙƙen ƙarfe. A kyau kowannensu yana da nasa. A juriya kuwa, musamman ga mai zaune a ƙasar da damina ke jiƙa komai, akwai tazara mai yawa a tsakaninsu.

Abin kamar kan bel yake, sai dai a bayan ƙafa, wato samanta, yake zama, kuma ba a haɗe yake da takalmin ba. Dabam ake sayensa a wurin maƙeri ko mai sayar da kayan ado, a ciro shi daga wannan takalmi a maƙala wa wancan. Shi ya sa takalman suka ruɓe tuntuni, maɗauran suka wanzu. Yayinsu ya fara a Ingila da Faransa tun tsakiyar ƙarni na 17. Samuel Pepys, wani jami'in hukumar jiragen ruwan yaƙin Ingila, ya rubuta cewa ranar 22 ga Janairun 1660 ya fara sa maɗauri a takalminsa. Na wancan lokaci ƙanana ne. Daga nan suka yi ta girma, har a shekarun 1770 zuwa 1780 aka shiga yayin da ake kira Artois, da sunan ƙanen Sarki Louis na 16 na Faransa, inda maɗauri ke lanƙwasa ya rufe bayan ƙafa daga gefe zuwa gefe. Maza da mata duk suna sawa, attajiri da na daimon, lebura da na jan ƙarfe.

Faɗuwar yayin kuwa ba ta ɗau lokaci ba. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, kayan ƙawa irin na fada suka zama abin gudu, igiyar takalmi ta karɓe kasuwa. A 1791 maƙeran Birmingham da Walsall da Wolverhampton suka kai kukansu wurin Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki George na 4, cewa dubban ma'aikata sun shiga wani hali. Ya tausaya musu, ya sa mutanen gidansa suka ci gaba da sawa, amma hakan bai hana sana'ar durƙushewa ba. Abin da ya rage shi ne kayan fada da na manyan alƙalai da lauyoyi a ranakun biki. Wannan tarihi yana da amfani ga mai saye, don yana nuna masa cewa maɗaurin takalmi na ainihi, mai aiki, galibinsa tsakanin 1660 da 1800 aka ƙera shi.

Kafin a zo kan wane ƙarfe, sai an san bayan abin. Akwai zagayen waje, shi ne adon da ido ke gani. A tsakiya akwai siririn sanda, a jikinsa kuma abu biyu ne ke juyawa: wata 'yar ƙugiya mai haƙora biyu, da wani harshe mai tsini, sau da yawa shi ma mai baki biyu. Takalmin wancan zamani yana da kunnuwan fata biyu. Ƙugiyar ce ke riƙe kunne ɗaya, ɗayan ya bi ta samansa harshen ya huda shi. Idan waɗannan suna nan, suna motsi, abin cikakke ne. Idan babu su, ko an maye gurbinsu da fil irin na maƙala wa riga, to an taɓa shi, kuma darajarsa ta ragu ko da gabansa ya kai ina a kyau. Da yawa an yi musu haka a ƙarni na 19 da na 20. Akwai kuma 'yan ƙanana shimfiɗaɗɗu, marasa lanƙwasa, masu ƙugiya mai siffar anga. Waɗannan yawanci na ɗaure ƙafar wando ne a gwiwa, amma wasu masu sayarwa kan kira su na takalmi, ko da gangan ko don rashin sani.

Na azurfa

Shi ne mafi rashin hayaniya a ido, kuma shi nake ba wa sabon shiga shawara ya fara da shi. Dalili na farko shi ne yana iya faɗa maka asalinsa da kansa. A Ingila doka ta tanadi a gwada azurfa a buga mata hatimi, kuma ma'aunin shi ne kashi 925 cikin 1,000. Hoton zaki yana tafiya shi ne shaidar ta cika wannan ma'auni. Kan damisa na Landan ne, anga na Birmingham, kambi na Sheffield. Ofisoshin gwaji na Birmingham da Sheffield a 1773 aka buɗe su, bayan fafutukar da Matthew Boulton, wani mai masana'anta a Birmingham, ya yi, wanda shi kansa ɗan maƙerin maɗaurai ne, ya kuma gaji da aika kayansa har Chester don a buga musu hatimi. Saboda haka maɗauri mai hatimin anga bai girmi 1773 ba. Akwai kuma hoton kan sarki, alamar an biya haraji, wanda aka fara bugawa a Disambar 1784. Tun da yayin ya mutu cikin shekarun 1790, ganin kan sarki a maɗauri yakan taƙaita maka shekarunsa ƙwarai, sai dai in na kayan fada ne da aka ci gaba da yi daga baya.

Kada a zaci kowanne yana ɗauke da cikakken jerin hatimai. Da yake wurin bugawa kaɗan ne, da yawa zaki kawai za ka gani da harufan sunan maƙerin, wani lokaci ma gogewar shekaru ta shafe rabinsu. Wannan ba aibu ba ne. Abin da ya kamata ya sa ka shakka shi ne hatimin da ya fito tas kamar jiya aka buga, a jikin abin da ko'ina ya goge.

Dalili na biyu shi ne azurfa tana yafiya. In ta yi baƙi, ƙyalle mai laushi ya isa ya dawo da ita. In ta lanƙwashe, gwanin maƙerin fari zai iya miƙe ta. Laima ba ta cinye ta. Rauninta ɗaya shi ne ƙugiyar da harshen, waɗanda a na ƙarshen ƙarni na 18 galibi da baƙin ƙarfe ake yin su don su jure ja, kuma su sukan yi tsatsa. Amma tsatsar baya ce, ba ta taɓa fuskar ba. A nan ma akwai abin lura ga mai gwadawa da maganaɗisu, wanda ba ya kama azurfa: in ya kama ƙugiyar ba komai, a jikin zagayen waje ake gwaji.

Abin da azurfa ba za ta ba ka ba shi ne walƙiya. Adonta zane ne da huji da murɗi. Wanda ransa ke kan ƙyalli ba zai gamsu da ita ba, kuma gara ya san haka tun kafin ya biya.

Na gilashi

A nan ne kyan yake, a nan ne kuma hatsarin ya fi yawa, don haka zan ɗan jima a kansa.

Kuskure ne a ɗauke shi a matsayin jabu da talaka ke sawa don ya yi kama da mai kuɗi. Gilashi ne mai dalma a cikinsa, wanda dalmar ke ƙara masa nauyi da haske. George Ravenscroft ne ya bunƙasa irin wannan gilashi a Ingila cikin shekarun 1670, sannan Georges Frédéric Strass, mutumin yankin Alsace da ya zama maƙerin kayan adon Sarkin Faransa a 1734, ya kai shi matsayin da har yau Faransawa da sunansa suke kiran irin waɗannan duwatsu. Manyan mutane suna sa shi da saninsu, wasu don gudun 'yan fashi a hanya, wasu don tsabar sonsa. Kuma yana da wani fifiko a kan daimon: da yake bai kai shi tsada da tauri ba, maƙeri yana iya yanka kowane dutse daidai da gurbinsa, mai kusurwa huɗu, mai tsini, mai lanƙwasa, ya jera su ƙugu da ƙugu har da ƙyar ake ganin ƙarfe a tsakaninsu. In ka ga babban maɗaurin Artois da aka yi wa irin wannan aiki, za ka gane dalilin da ya sa ake rububinsa. An yi shi ne don hasken kyandir a zauren rawa, kuma a irin wannan haske yake nuna kansa fiye da a ƙarƙashin fitilar lantarki.

Sirrin hasken yana bayan dutsen. Ana shimfiɗa wani siririn ɓawon ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashin kowane dutse, sannan a rufe bayan ruf da azurfa, a matse bakin gurbin don kada iska ta shiga. Sau da yawa akan ɗiga baƙin ɗigo a gindin dutsen don ya yi kama da yankan daimon na lokacin. Masu tara kayan tarihi suna neman wannan ɗigo, kodayake shi kaɗai bai isa shaida ba, tun da an kwaikwaye shi daga baya. Matsalar ita ce, da zarar danshi ya sami ƙofa ya kai ga ɓawon nan, sai ya dushe, dutsen ya koma ruwan toka ko rawaya-rawaya, ya mutu. Ba ƙyallen da zai goge wannan, don a ciki lalacewar take. Gyaransa sai an buɗe gurbin an fitar da dutsen an sake ɓawon, aikin da ƙwararru ƙalilan ne ke iya shi, kuɗinsa kuma kan iya zarce na maɗaurin. Ko an yi ma, dutsen da aka sabunta yakan fi 'yan'uwansa fari, ido ya riƙa tsayawa a kansa.

Don haka mai sayen wannan iri dole ya zama mai bin diddigi. Ya nemi hoto na kusa a hasken rana, ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Launinsu ya zo ɗaya? Akwai gurbin da ba kowa? Akwai alamar gam, wanda ke nuna an maƙala sabon dutse a gaggauce? 'Yar gogewa a kusurwoyin duwatsun abu ne da ake tsammani, don gilashi bai da tauri, kuma abin da ya shekara fiye da 200 ba zai rasa ta ba. In bayan a buɗe yake, haske na ratsawa, to akwai yiwuwar ba na ƙarni na 18 ba ne. Sannan in ya iso hannunka, haramun ne ya ga ruwa. Ba wanki, ba sabulu, ba turare, ba kai shi wurin masu wanke sarƙa da zobe a kasuwa. Busasshen burushi mai laushi kawai.

A tsada, in aka cire masu daimon na gaske, wannan ne kan gaba, musamman in ƙafa biyu ne cikin akwatinsu na asali da aka yi daidai da lanƙwasarsu. Idan ka ga irinsa da arahar da ta ba ka mamaki, ka tuna araha ba ta ado: ko duwatsun sun mutu, ko an sauya su, ko kwaikwayo ne na baya-bayan nan.

Na sassaƙaƙƙen ƙarfe

Wannan aikin Ingilishi ne tun asali. Garin Woodstock da ke kusa da Oxford ya yi suna a kansa, sai Wolverhampton, sai Birmingham, inda masana'antar Soho ta Boulton ta riƙa fitar da shi da yawa, har da masu ɗauke da 'yan allunan tangaran shuɗi da fari na Josiah Wedgwood a tsakiya. Ƙananan ƙusoshi ne na ƙarfe, a sassaƙa kan kowace a yi mata fuskoki da yawa, a goge har ta zama madubi, sannan a kafa ta a faranti a take gindinta ta baya. A lokacinsa ba abin raini ba ne, mai kyau a cikinsa yana da tsada ƙwarai, kuma attajiran Faransa suna yin odarsa daga Ingila.

Gane na kirki yana da sauƙi fiye da na gilashi. Juya bayansa: in ka ga gindin ƙusoshi ɗaya-ɗaya, aikin hannu ne. In kuwa shafe yake, an dai buga siffar ƙusoshin ne da inji a jikin falle guda, to na baya ne kuma na araha. Yawan fuskoki ma ma'auni ne. Tsofaffin kan kai fuska 15 a ƙusa guda, na baya kuwa sukan tsaya a wajen 5. Kada kuma a rikita shi da makasait, wani dutse mai kama da shi a ido, wanda shi dasa shi ake yi a gurbi kamar sauran duwatsu.

Abokin gabansa tsatsa ce, kuma ba ta da tausayi. Tana farawa a tsakanin ƙusoshin inda yatsa ba ya kaiwa, ta ci fuskar da aka goge, kuma inda ta ci ya ciwu ke nan. Ana iya tsayar da ita, ba a iya mayar da sheƙin. Gumin hannu kaɗai ya isa ya bar tabo. Mai zaune a Legas ko Kumasi ko Duwala, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, sai ya yi tunani sosai kafin ya zuba kuɗi a na ƙarni na 18. Wanda ke Kano ko Damagaram ko Agadas ya fi shi sauƙi, amma shi ma watannin Yuli da Agusta suna jiransa. Dole a ajiye shi a akwati mai rufuwa sosai, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su.

Sai dai wannan iri yana da wata ƙofa da sauran ba su da ita. Yayin maɗauri ya dawo a takalman mata daga ƙarshen ƙarni na 19 har shekarun 1920, kuma Faransa ta ƙera na sassaƙaƙƙen ƙarfe masu ɗimbin yawa, da yawansu an buga sunan ƙasar a bayansu saboda dokar Amurka ta 1890 da ta wajabta nuna inda aka yi kayan da ake shigo da su. Waɗannan ado ne kawai, ba sa ɗaure komai: sanda ne a baya da ake ɗinkewa ko zura ƙyalle, wasu kuma matsewa suke yi a bakin takalmi. Suna da yawa, ba su da tsada, kuma in ɗaya ya lalace ba a yi asarar abin da ba za a sake samu ba.

To, wanne?

Ya danganta da abin da kake nufin yi da shi. In so kake ka mallaki abin tarihi na gaske wanda za ka iya kare shekarunsa da hujja, ka kuma bar wa 'ya'yanka shi yadda ka same shi, ɗauki azurfa mai hatimi, mai ƙugiya da harshe na asali. Ko wari guda ne mai kyau ya fi ƙafa biyu da aka yi wa kwaskwarima, kodayake a kasuwa ƙafa biyu da suka dace da juna sun fi wari biyu mabambanta daraja nesa ba kusa ba. In sawa ake so a yi, a takalmin biki ko a jikin jaka, to na ƙarfen shekarun 1920 ne daidai. Na ƙarni na 18 ba ya hawa takalmin yau, sai an sa baduku ya ɗinka mai kunnuwa biyu musamman dominsa, kuma ni ba na goyon bayan a fita da shi cikin ƙura da gumi. Na gilashi kuwa a bar shi sai ido ya buɗe, sai an ga na kirki da yawa an san yadda rayayyen dutse yake da yadda mataccen yake. Gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan yana da hotunan nasa a intanet, a gidan Kenwood da ke arewacin Landan kuma akwai tarin da Lady Maufe ta haɗa, wanda ya haura maɗauri 1,000. Kallon irin waɗannan kyauta ne, kuma shi ne zai hana a sayar maka da gyararre a farashin cikakke.

Akwai iri na huɗu da ba a cika yi masa talla ba, ni kuwa ina ganin girmansa: na jan ƙarfe da na kuza, waɗanda talakawa suka sa, masu neman ƙarfe da na'ura ke tonowa a gonakin Ingila. Yawanci a karye suke, sun yi kore, ba ƙugiya. Wasunsu an yi su da gaurayen jan ƙarfe da tutiya mai kama da zinariya, irin wanda ya yi suna da sunan Christopher Pinchbeck, wani maƙerin agogo na Landan. Su ne mafi araha, kuma su ne ke nuna abin da akasarin mutanen wancan zamani suka ɗaura a ƙafarsu. Sai dai a kula, dokar Birtaniya ta ce kayan tarihin da aka tono daga ƙasarta ba sa fita waje sai da lasisi, komai ƙanƙantar kuɗinsu. Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko shi zai nemo wannan takarda, kuma ka sa ya rubuta maka a rasit abin da ya ce yana sayar maka: wane ƙarfe, wane zamani, da duk gyaran da ya san an yi.